WUƘAR YANKA MAZAƁU: A BAR TA CIKIN KUBENTA



Yau dai sai ku yi haƙuri da ni, babu uwargida babu amarya, babu saurayin da aka hana auren masoyiyarsa. Na jingine alƙalamin ƙagaggen labari na ɗauko wani daban, saboda akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganar ita ce, wasu daga cikin 'yan siyasarmu na ƙananan hukumomi, tsofaffin kansiloli da masu hararar kujerar ciyaman, sun ɓullo da wani sabon karatu a majalisun hira, tun daga Birniwa har cikin Haɗeja. Wai don me tsarin mulki zai ɗaure wa jihohi hannu a kan shata mazaɓu? Wai don me hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, ita kaɗai ke da ikon cewa ga inda mazaɓar ɗan majalisa ta fara ga inda ta ƙare, ita ɗin ma ba za ta taɓa ba sai an shekara goma? Wai kamata ya yi a sakar wa gwamna da majalisar jiha mara, tunda su suka san ƙasa, su riƙa gyarawa duk lokacin da buƙata ta taso, kamar yadda ake yi a Amurka. To wannan "kamar yadda ake yi a Amurka" ita ce ke kashe bakin duk wanda ya so yin gardama, don mu a nan da an ambaci Amurka sai kowa ya yi tsit kamar ruwa ya ci shi.

Ni kam ba da ni ba. Ra'ayina shi ne wannan doka ta shekara goma tana cikin 'yan abubuwa ƙalilan da tsarin mulkin 1999 ya yi wa talakan karkara gata da su, kuma ranar da aka zare ta, mutanen Birniwa da Guri da Kirikasamma na cikin waɗanda za su fara ji a jikinsu. Bari in kawo hujjojina, wanda ya ga na kauce ya zo da nasa.

Da farko mu san me dokar ta ce. Majalisar Wakilai tana da kujeru 360, Majalisar Dattawa 109. Sashe na 71 da na 72 na tsarin mulki sun ɗora wa INEC aikin raba ƙasa zuwa mazaɓu, da sharaɗin kada mazaɓa ɗaya ta shiga jiha biyu, kuma yawan jama'ar kowace mazaɓa ya yi kusa da na 'yar'uwarta gwargwadon hali. Sashe na 73 ya ce hukumar ta riƙa sake duba rabon, amma tsakanin dubawa da dubawa kada ya gaza shekara goma, sai fa idan an yi ƙidayar jama'a ko an sauya iyakokin jihohi. Sashe na 74 ya ƙara da cewa ko an sauya, sauyin ba zai fara aiki ba sai majalisun tarayya biyu sun amince, kuma sai wa'adin majalisar da ke kai ya ƙare. Kujerun majalisun jihohi ma irin wannan sharaɗi na shekara goma aka gindaya musu. A taƙaice, gwamna ba shi da hannu a ciki, majalisar jiha ba ta da hannu, ciyaman ba shi da hannu.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin tsoro a zana layi a kan taswira? Ai ƙuri'a ƙuri'a ce, duk inda aka kaɗa ta. A nan ne gizo yake saƙar. Bari in ba ka misali da lissafin da ko ɗan aji uku zai gane.

A ce gari ne mai mutum 90. Mutum 50 'yan jar hula ne, 40 'yan farar hula. Za a raba su mazaɓa uku, kowace mutum 30. In Allah Ya sa mai riƙe da wuƙar ɗan farar hula ne, sai ya kwashi 'yan jar hula 28 ya cusa su a mazaɓa ta farko, ya haɗa su da nasa mutum 2. Saura 'yan jar hula 22 sai ya raba su gida biyu, 11 nan 11 can, kowane kashi ya jefa shi cikin 'yan farar hula 19. Ranar zaɓe kowa ya fito ya yi layi cikin rana, ba a saci akwati ba, ba a dangwale ƙuri'a ba, ba a ba kowa taliya ko sabulu ba. Da aka ƙirga, 'yan jar hula masu rinjaye sun tashi da kujera ɗaya, 'yan farar hula marasa rinjaye sun tashi da biyu. An yi maguɗi tun kafin a buga takardar ƙuri'a, kuma babu kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da za ta kama ɓarawon, don da biro da rula ya yi satarsa. Ka tara abokan hamayya wuri ɗaya su yi ta cin kujera ɗaya da gagarumin rinjayen da ba ya ƙara musu komai, ragowar ka tarwatsa su yadda ba za su taɓa isa ko'ina ba. Sirrin ke nan gaba ɗaya.

Yanzu sai mu leƙa Amurkan da ake yi mana kwatance da ita. A can kujerun Majalisar Wakilai 435 ne, ana ƙidaya duk shekara goma ba fashi, kuma a yawancin jihohi majalisar jiha ce ke zana mazaɓu. Wannan sata da biro ta daɗe a wurinsu. Tun a 1812 wani gwamnan jihar Masacusets mai suna Elbridge Gerry ya sa hannu a kan wata taswira da aka murɗa mazaɓa ɗaya a cikinta har 'yan jarida suka zana ta da siffar wata dabba mai kama da ƙadangare, kuma har gobe da sunansa ake kiran wannan ɗabi'a. Duk da haka, al'adar da suka saba ita ce a yi zanen sau ɗaya bayan kowace ƙidaya, a haƙura sai wata ƙidayar. Al'ada ce kawai, dokar tarayya ba ta tilasta ba. A 2003 'yan jam'iyyar Rifablikan na jihar Teksas suka karya al'adar, suka sake yanka mazaɓu a tsakiyar zango, a 2006 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce tsarin mulkinsu bai hana yin hakan ba. A 2019 kotun ta ƙara da cewa kotunan tarayya ba su da hurumin shiga ƙorafin an murɗa taswira don amfanin jam'iyya. Ka ga an cire ƙyauren, an kuma sallami mai gadi.

Abin da ya biyo baya kowa ya ji shi a rediyo. A 2025 Shugaba Donald Trump ya nemi Teksas ta sake zana mazaɓunta 38 don jam'iyyarsa ta ƙara kujeru biyar a zaɓen 2026. 'Yan majalisar jihar na jam'iyyar Dimokurat sama da 50 suka tsere daga jihar a watan Agusta, wasu suka tare a Ilinoi, don kada a samu adadin da zai isa a yi zama. Manya-manyan mutane masu digiri da furfura suna gudun hijira daga majalisarsu! Bayan mako biyu suka dawo, aka zartar, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu. Sai Kalifoniya, inda Dimokurat ke mulki, ta ce ai ba ku fi mu iya yanka ba. A watan Nuwamban 2025 masu zaɓe a can suka amince a jingine taswirar da hukuma mai zaman kanta ta zana, a ɗauko wadda za ta ba Dimokurat ƙarin kujeru biyar. Misuri ta yi nata, ta tsaga birnin Kansas gida uku, kowane yanki aka liƙa shi da wata mazaɓa daban, don kawai a raba wani ɗan majalisa da kujerarsa. Karolina ta Arewa ma ta bi sahu. Har ƙasa abin ya gangara: a watan Yunin 2025 hukumar gundumar Taran da ke Teksas ta sake yanka nata ƙananan mazaɓun a tsakiyar zango, duk da magadan garuruwan yankin da dama sun nemi a dakata. Majalisar dattawan jihar Indiyana ce ta yi ta maza a watan Disamba ta ƙi, alhali 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa ne suka fi yawa a cikinta.

Abin da zai ba ka mamaki, a cikin wannan hargitsi wani ɗan majalisar tarayya daga Kalifoniya mai suna Kevin Kiley, ɗan Rifablikan a lokacin, ya gabatar da ƙudurin a kafa dokar tarayya da za ta hana kowace jiha sake yanka mazaɓu a tsakiyar zango. Wato abin da wasu Amurkawa ke roƙon a ba su, shi ne mu muke da shi a rubuce tun 1999, shi ne kuma Honarabul ɗinmu yake so mu zubar don mu yi kama da su. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ruwa ake shafa wa naka, ba kananzir ba.

To mu dawo gida, tunda za a ce Amurka daban Jigawa daban. Mu duba me gwamnoninmu suka yi da 'yan wuƙaƙen da ke hannunsu, sai mu san ko sun cancanci a ƙara musu babba.

A watan Mayun 2019 majalisar dokokin Kano ta zauna, cikin 'yan kwanaki ta yanka masarautar Kano gida biyar, aka fitar da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, aka rarraba musu ƙananan hukumomi. A watan Mayun 2024 wata majalisar ta zauna, ita ma cikin 'yan kwanaki, ta rushe dokar. Bayan wata biyu aka sake dawo da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu. Ni ban zo nan don in ce wane ya yi daidai wane ya yi kuskure ba, kowane ɓangare yana da masoya a cikin masu karanta wannan rubutu. Abin da nake so a lura da shi shi ne, taswirar da ta shekara aru-aru an juya ta sau uku cikin shekara biyar, bisa ga wanda ke zaune a gidan gwamnati. Masarauta ke nan, wadda ba ta da kujera a majalisa, ba ta sa hannu a kasafin kuɗi. Ina ga mazaɓa, wadda ita ce ke yanke hukuncin wa zai tafi Abuja wa zai zauna gida?

Sannan ga zaɓen ƙananan hukumomi, wanda shi ne zaɓe ɗaya tilo da tsarin mulki ya bar wa hukumomin zaɓe na jihohi. A watan Oktoban 2024 an yi shi a Jigawa, jam'iyya mai mulki ta kwashe kujerun ciyaman 27 kaf. A cikin wannan wata aka yi a Kano, jam'iyyar da ke mulki a can a lokacin, wadda ba ita ce ta Jigawa ba, ta kwashe 44 kaf. Haka abin yake kusan ko'ina a ƙasar nan, ko wace jam'iyya ce a sama, tun ba yau ba. Jihar da a zaɓen tarayya za ka ga an yi kare jini biri jini, da an zo na ƙaramar hukuma sai a wayi gari babu ɗan adawa ko na rantsuwa. Sai da ta kai Kotun Ƙoli a ranar 11 ga Yulin 2024 ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina naɗa musu kantomomi. Da gwamnoni na riƙon amanar ƙananan hukumomi, me zai kai maganar gaban alƙalai? Ba a ba kura ajiyar nama, balle wadda aka riga aka gani da jini a baki.

Wannan ne ma ya sa duk lokacin da aka ce mini "ra'ayin ƙananan hukumomi" ne a sassauta dokar, nakan tambaya: ra'ayin wa? Ciyaman ɗin da aka rubuta sunansa a Dutse kafin a buga ƙuri'a, in ya buɗe baki muryar wa za ka ji? Na taɓa jefa wa wani tsohon kansila wannan tambaya a wurin ɗaurin aure, na ce, "Honarabul, tsakaninka da Allah, lokacin da kake kan kujera sau nawa aka tambaye ku kafin a taɓa kuɗin ƙaramar hukumarku?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai mu sa hannu ne namu." To wanda ba a shawarce shi a kan kuɗin rijiya ba, shi za a shawarta a kan iyakar mazaɓa? In aka ce an mayar da wuƙa jiha, gidan gwamnati aka mayar da ita. Ciyaman zai ga taswira ne ranar da direbansa ya gani.

Kada wani ya ɗauka da gwamna mai ci nake. Ko kusa. Ita doka ba don mutumin kirki ake yin ta ba, don wanda zai zo bayansa ake yi, wanda ba mu san ko wane ne ba. Ka ƙaddara wata shekara mutanen Diginsa ko Kazura sun juya wa mai mulki baya a akwati. Kafin zaɓe na gaba sai a ji sanarwa a rediyo cewa "don kusantar da gwamnati ga jama'a" an cire su daga mazaɓar Birniwa an haɗa su da wata inda ƙuri'arsu za ta narke kamar gishiri a kogi. Zaɓe na gaba kuma in wani ya hau, ya sake ɓalle su ya kai wani wurin. Mutumin da bai san wane ne wakilinsa a zaɓe mai zuwa ba, wa zai riƙe da alkawari? Ɗan majalisar da ya san za a iya canja masa jama'a kafin ya dawo neman ƙuri'a, wa zai fi tsoro, talakan da ke Kupsa ko mai riƙe da biro a Dutse? Yanzu ma da ƙyar muke ganinsu in ba kakar zaɓe ba.

Amma fa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Masu wannan kira suna da ciwo na gaskiya, maganin ne suka ɗauko ba daidai ba, kuma zalunci ne in ƙi faɗin ciwon.

Taswirar mazaɓun da aka yi zaɓen 2023 da ita, a 1996 aka zana ta, zamanin Janar Sani Abacha, bisa ƙidayar 1991. A lokacin jihar Jigawa ba ta wuce shekara biyar da haihuwa ba, mutanenta ba su kai miliyan uku ba, Nijeriya duka ba ta kai miliyan 90 ba. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar yau magidanci ne da 'ya'ya a makaranta. An yi ƙidaya a 2006, aka ce mun haura miliyan 140, Jigawa ta haura miliyan huɗu, amma taswira ba ta motsa ba. Ƙidayar da ya kamata a yi a 2016 ba a yi ba. Wadda aka sa wa rana a watan Mayun 2023 aka ɗage ta ana saura kwanaki. Dokar cewa ta yi kada a taɓa kafin shekara goma, ba ta ce a yi barci har shekara talatin ba. Sai dai waɗanda suka rubuta ta sun sa mata ƙasa ba su sa mata sama ba, Abuja kuwa ta samu wannan kafa ta shige ta yi kwanciyarta.

Dubi abin da barcin ya haifar a masarautar Haɗeja kaɗai. Ƙananan hukumomi takwas ne, su ne kuma mazaɓar sanata ta Jigawa ta Arewa maso Gabas, an raba su kujeru uku na Majalisar Wakilai. A lissafin ƙidayar 2006, mazaɓar Malam Madori da Kaugama mutanenta ba su kai 300,000 ba. Tamu ta Birniwa da Guri da Kirikasamma ta doshi 450,000. Ta Haɗeja da Kafin Hausa da Auyo ta haura 500,000. Alhali in ka raba jama'ar ƙasa a kan kujeru 360, abin da ya kamata kowace kujera ta ɗauka a lokacin bai wuce 390,000 ba. Wato ƙuri'ar mutumin Kaugama ta fi ta mutumin Auyo nauyi nesa ba kusa ba, ga su maƙwabta suna cin kasuwa ɗaya suna auren juna. Wannan lissafin shekara ashirin da suka wuce ke nan.

Ga kuma wani abin da ba kowa ya lura da shi ba. Sashe na 91 ya ce kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar ke da su a Majalisar Wakilai, kada su gaza 24 kada su wuce 40. Jigawa na da kujeru 11 a Majalisar Wakilai. Sau uku 33 ke nan. Amma tun daga 1999 har zaɓen 2023 kujeru 30 aka yi ta zaɓa: ɗaya-ɗaya ga ƙananan hukumomi 27, sai ƙarin Bulangu da Fagam da Kanya. Ina sauran ukun suka maƙale? Wannan ita ce tambayar da na so in ji a bakin 'yan siyasarmu tun tuni, don haƙƙi ne da tsarin mulki ya riga ya bayar, ba sai an roƙi a canja doka ba.

Ita kanta mazaɓarmu, duk wanda ya san ƙasar ya san an haɗa wuta da ruwa a tukunya ɗaya. Galibin ƙasar Birniwa tudu ne da rairayi, ƙasar gero da riɗi da kiwo, kukanmu ƙarancin ruwa da hamada mai matsowa daga arewa. Guri da Kirikasamma kuwa cikin fadama suke, ƙasar shinkafa da su, inda dausayin Baturiya yake. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta canja, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki suka zama tafki, wasu wuraren kuma ruwan ya daina zuwa. Ambaliyar 2022 kowa ya ga abin da ta yi wa yankin. Wakili ɗaya ne zai tashi a Abuja da safe ya roƙi a kawo ruwa, da yamma ya roƙi a kwashe ruwa. Wanda ya ce a sake duba wannan haɗi bai yi laifi ba.

To me ya hana a duba? Abu biyu ne. Na farko babu sabuwar ƙidaya, kuma ba a rabon gado ba a san yawan magada ba. Na biyu, kujeru 360 ɗin nan a rubuce suke a tsarin mulki, ba sa ƙaruwa, saboda haka duk wanda za a ƙara wa sai an rage wa wani, kuma waɗanda za a rage wa su ne sashe na 74 ya ce sai sun amince. Wa ka taɓa gani ya ɗaga hannu a majalisa ya ce a rushe kujerar da yake zaune a kai? Nan ciwon yake. Ka ga kuwa miƙa wa gwamna wuƙa ba zai ƙirga mutum ko ɗaya ba, ba kuma zai ƙara wa Jigawa kujera ko ɗaya a Abuja ba. Abin da zai ƙaru kawai shi ne yawan yanka.

Akwai darasi a kan muhimmancin lokaci da ya kamata mu riƙe. A 2014, ana saura 'yan watanni zaɓen 2015, INEC a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta ce za ta ƙara rumfunan zaɓe kusan 30,000. Nan take ƙasa ta ɗauki zafi, aka ce an fifita Arewa, aka yi ta kumfar baki har hukumar ta janye. A 2021, lokacin da zaɓe ke da sauran nisa, hukumar a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ta zauna da jam'iyyu da ƙungiyoyi, ta ƙara rumfuna daga 119,973 zuwa 176,846, ba a ji ko tari ba. Aiki iri ɗaya, hukuma ɗaya, bambancin kawai lokaci da shawara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk taswirar da aka zana ana hangen akwati, ko mala'ika ne ya zana ta sai an zarge shi, balle ɗan siyasa mai neman tazarce.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata ciyamomi da kansilolinmu su sa a gaba, in da gaske jama'a suke yi wa. Su haɗa baki da takwarorinsu na ƙananan hukumomi 774 su matsa a yi ƙidaya, su kuma tsaya a ƙirga kowa, har masuntan da ke cikin fadama da makiyayan da ke tafe da shanu da ƙauyukan da ambaliya ta tasa. Su nemi a gyara sashe na 73 a sa masa sama kamar yadda yake da ƙasa: kada a taɓa kafin shekara goma, kada kuma a wuce wani ƙayyadadden lokaci bayan ƙidaya ba a duba ba. Su nemi a sa wa Majalisar Tarayya wa'adin da za ta amsa, kada ta danne aikin a aljihun tebur har abada. Su nemi a wajabta wa INEC ta zo hedikwatar kowace ƙaramar hukuma ta baje taswira a fili, dagatai da masu unguwanni da mata da matasa su gani su tofa albarkacin bakinsu kafin a kai Abuja. Su nemi a rubuta cewa ba za a tsaga ƙaramar hukuma a liƙa ɓangarenta da wata mazaɓar tarayya ba sai da dalili mai ƙarfi da aka bayyana wa jama'a. Wannan ita ce muryar da ta dace da ƙaramar hukuma, a ji ta bakinta kafin a zana, ta kuma tsare iyakarta bayan an zana.

Na san za a ce INEC ɗin ma ai shugaban ƙasa ke naɗa shugabanninta, ita ma ba wankakkiya ba ce. Haka ne, ni ma ban ce a yi mata turare ba. Amma wuƙa ɗaya mai zaman kube shekara goma, wadda ba ta fita sai majalisu biyu sun yarda, wadda kuma yankanta ba ya aiki sai bayan wa'adin masu ci ya ƙare, ta fi mini kwanciyar hankali a kan wuƙaƙe 36 tsirara a hannun mutum 36 da kowannensu ke da zaɓe a gabansa da abokin gaba a bayansa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Amurkawa da kotunansu da jaridunsu da shekara fiye da 200 suna dimokuraɗiyya, ga shi abin ya gagare su. Mu da wane ƙarfin za mu fito?

Honarabul, ni da kai duk 'yan ƙasar nan ne, gobe in an sauka daga kujera a tasha ɗaya za mu jira mota. Kafin ka sake cewa a sakar wa gwamna mara, ka tuna ba kullum naka ne zai kasance a gidan gwamnati ba. Wuƙar da ka wasa don maƙwabcinka, wata rana ƙauyenku za a ɗora a kan faifai.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, fili a buɗe yake, ya zo da hujja ba zagi ba. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu. Wassalam.